Dubu Tamanin a Kan Gidan Makulli

Litinin, 3 ga Maris

Motar ta sake yi min. Sau bakwai na murɗa makulli a ƙofar gida, ko fitilun gaban sitiyari ba su kawo ba. Sai da na yi ta jijjiga makullin kafin ta ga dama ta tashi. Na isa ɗakin gwajin jini a makare, shugabarmu ta dubi agogo ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Gara ta yi faɗan.

Shekarar motar nan ashirin da biyu. Duk zamanmu da Baban yara ban taɓa sanin abin da ke cikinta ba, ni dai in shiga in zauna. Wata goma sha huɗu da rasuwarsa, sai yanzu take nuna min halinta.

Talata, 4 ga Maris

Na kai ta wurin Mai Gilashi, dattijon da ke yi wa Baban yara gyaran wayoyin mota. Garejin nan ko wurin aje ƙafa babu, ko'ina matattun batura. Ya shiga ya murɗa sau biyu, ya kasa kunne, ya ce batir lafiya, sitata mai tayar da inji lafiya, gidan makulli ne ya cinye, da suwic ɗin da ke bayansa. Dubu tamanin. Sittin da biyu kaya, sha takwas aiki.

Na ce nawa? Ya maimaita, ko kai bai ɗago ba. Wannan rashin ɗago kan ya fi kuɗin ƙona min rai. Wai irin na motar ya yi wuyar samu.

Har na juya ya ce, "Hajiya, kada ki yi nisa da ita. Wata rana kina cikin tafiya za ta ɗauke."

Tsoratarwa ce. Na san irinta.

Laraba, 5 ga Maris

Kuskurena da na faɗa wa mutane. Yaya ya kira, minti ashirin yana magana shi kaɗai: cuta ce, sun ga mace ce ba namiji a bayanta, in sayar da akwalar in huta. Mijin maƙwabciyata ya ce akwai mai haɗa min waya da ɗan maɓalli a dubu goma sha biyar, in danna kawai ta tashi. Direban wurin aikinmu kuma ya ce tamanin ai sauƙi aka yi min, shi an taɓa cajinsa ɗari da ashirin.

Mutum uku, magana uku, kuma ba wanda ya ko leƙa motar a cikinsu. To ni da wanne zan kama?

Alhamis, 6 ga Maris

Ranar wankin ƙodar Mama. Muna shiga shataletalen da ke kusa da asibiti motar ta ɗauke ɗif. Sitiyari ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, babbar mota a bayanmu tana ta hon. Ban san yadda na karkata gefe ba. Mama ta riƙe murfin ƙofa tana addu'a ƙasa-ƙasa. Wasu bayin Allah suka tura mu bakin hanya, muka bar motar nan muka ƙarasa a tasi.

Mun makara, an ba wani gadonta, sai bayan la'asar aka ɗora ta. Tana kwance ina kallon kumburin ƙafafunta.

Haushi biyu nake ji: na motar, da na cewa mutumin ya faɗa.

Juma'a, 7 ga Maris

Tasi zuwa, tasi dawowa. Wanda ya sake yi min zancen mota sai mun ɓata.

Asabar, 8 ga Maris

An jawo ta zuwa garejin. Na shirya maganata tun daga gida, na kuwa faɗe ta. Na ce, "Malam, tsakani da Allah, da maigidana ne haka za ka yanka masa?"

Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. Ya ce, "Da shi ne ai ba zai tambaye ni kuɗin kaya ba. Kasuwa zai je da ƙafarsa ya sayo, ya zauna a kan bencin can yana koya min aikina."

Haka yake kuwa, Allah ya jiƙansa.

Ya kwance suwic ɗin ya naɗe min a tsohuwar jarida, ya ce in je in sayo da kaina har da gidan makullin, shi aikinsa kawai zai karɓa. Na tambaye shi zancen maɓalli. Ya ce zai yi aiki, amma duk wanda ya buɗe ƙofa ya zama mai mota, kuma shi ba ya yi.

Kasuwar kayan mota wata duniya ce. Shago na farko sabo fil a kwali mai ƙyalli, talatin da biyar, na ɗaga na ji shi sakayau kamar abin wasa. Na biyu saba'in, ba ragi. Na uku na hannu ne, wanda aka ciro daga wata motar, hamsin da biyar. Na tsaya kai da fata sai da mai shagon ya sallama a arba'in da takwas. Na ƙirga wayoyi, shida, daidai da tsohon. Na dawo gida ina jin kaina.

Litinin, 10 ga Maris

Ba shi ba ne.

Wayoyi shida ne, amma bakin soket ɗin daban. Mai Gilashi ya jera su biyun a tafin hannunsa ya nuna min da tsinin sukundireba. Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na samu abin riƙewa.

Na nemi izini a wurin aiki na koma kasuwa. Mai shagon ya ce kayan lantarki in ya fita ya fita. Na ja kujerarsa na zauna, jaridata a cinya, na ce to nan zan wuni. Duk wanda ya shigo sai in gaishe shi in ba shi labari. Bayan awa biyu ya gaji, ya shiga ciki ya lalubo na gaskiyar, amma sai na cika sha biyu. Sittin ke nan. Dattijon ya ce sittin da biyu. A kan dubu biyu na kashe kwana biyu, ban da kuɗin tasi.

Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Talata, 11 ga Maris

Awa huɗu ya yi a kanta, ina tsaye. Ashe sai an kwance rufin sitiyari duka, kuma kusoshin da ke riƙe da gidan makullin ba su da kai, da kurfi da guduma ya dinga juya su kaɗan-kaɗan, yana kwance a ƙasan kujera, mutum mai furfura. Na zo da niyyar neman ragi a sha takwas ɗin. Na fasa.

Murɗa ɗaya ta tashi. Na biya, na ce an gode. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nuna yana jira ba.

Yaya ya kira, da ya ji jimillar ya ce ai ya faɗa min, an ci kuɗina. Na ce, "Yaya, wayoyi nawa ne a suwic ɗin?" Ya canja magana. Na ce ya gaida yara.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun isa da wuri, Mama ta samu gadonta.

A hanyar dawowa na ji wani ƙas-ƙas daga tayar gaba ta hagu duk sanda na karya kwana. Na tsaya a gefe, na tattare zani na durƙusa na leƙa. Wata roba ce ta yage, baƙin maiƙo ya fantsama a jikin ƙarfen. Mama ta sauke gilashi tana tambaya wa za mu kira. Na ce ba kowa, za ta kai mu gida.

Gobe in na tashi aiki zan biya garejin. Ba wai na yarda da mutumin ba ne. So nake kawai in faɗi abin da nake zato kafin ya buɗe baki, in ga ko na canka.