Ƙafar Keken Sadiku a Bangon Inna

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidan da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Malumfashi sai godiya, ana ta cirar auduga.

Jikin Inna yana nan yadda kika bar shi. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ban leƙa shagon ɗinkina ba, ko cefane sai aike.

Shekaranjiya ina shara na ci karo da tsohon keken hawa na Sadikunki, duk ya yi tsatsa. Na cire ƙafar gaba na goge, na nannaɗe wayoyin da ragowar zare ja da kore, na liƙa madubi a tsakiya. Na rataye ta a bangon da Inna ke kallo kullum.

Ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Ta yi kyau, Hadiza. Ita ma an kafe ta wuri ɗaya, kamar ni da ke." Na yi dariya, na fita tsakar gida na yi kuka.

Yaya, ki zo ko na mako guda ne, in ɗan sha iska. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Alhaji da yaran.

Ƙanwarki,
Hadiza