Garkar Bakin Kogi da Fansar Alfari

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ni ce Hajiya Bibata Gado, mai busasshen kifi a kasuwar Gaya. Ina faɗa, ƙanena Mahamadu yana rubutawa. Ciwo ya ci jikina amma bai taɓa hankalina ba, kuma ba wanda ya tilasta ni. Hamidu, Aisata, ku nake wa magana, da ƙanenku Alfari da ke kaso a Dosso. Kawunku Mahamadu zai karanta muku bayan ya rufe ƙofa. Zamanin soja ne, kada maganar nan ta wuce zaure.

Na ɗaya. Ku san ko wane ne ƙanenku kafin ku yanke masa hukunci. Karatun noma ya tafi yi ƙasar Turawa, guzuri ya ƙare, ya sami aiki a wani tsibiri cikin teku mai sanyi, inda ake noman inabi ana matse shi a yi giya. Bai ɓoye mini ba. Ya ce sanyi ke hana inabin can saurin nuna, shi ya sa masu shan suke sonsa. Shi nasa aikin sassabe rassa ne cikin iskar teku har yatsu su tsage, da hura wuta tsakanin kunyoyi idan ƙanƙara za ta kashe toho, da mirgina ganguna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ya rantse mini bai taɓa kai ta baki ba. Na duba hannuwansa ranar da ya dawo, na yarda. Ban halatta giya ba, ba zan kuma halatta ta ba a bakin kabari. Amma ɗana ne.

Na biyu. Abin da ya faru ga shi, don kada kowa ya sake shi bayan raina. Wani kaftin na soja ya ji labarin Alfari ya san giyar Turawa, ya kira shi ya ce ya yi masa odar ta tsibirin nan ta Kotonu, don manyansu na Yamai. Alfari ya ce ya bar wannan harka. Kaftin ya ce masa, "Ba shawara na kira ka ba." Alfari ya yi odar. Da kamiyo, babbar motar kaya, ya haye gada daga Malanbil, aka sauke akwatunan giyar a mangazata, ɗakin ajiyar kayana, bayan buhunan kifi, ban sani ba. Kuskuren Alfari ke nan, kuma babba ne.

Hamidu, kai ka gano su. Ka zo ka ce, "Inna, an zuba wuta a cikin abincinmu." Na ce ka jira ƙanenka ya dawo daga garin Bana mu yi magana. Ba ka jira ba, ka tafi wurin jandarma. Na san akwatunan kake so a kwashe. Sun kwashe su, sun haɗa da Alfari, kaftin kuma ya ce bai taɓa ganin fuskarsa ba. Tun kafin a yanke shinkafa yake tsare, ba alƙali, ba ranar shari'a.

Na uku, shi ne mai nauyi. Kaftin ya aiko cewa yana son garkarmu ta bakin kogi. In ya same ta, Alfari ya fito; in Alfari ya ambaci sunansa, a kai shi arewa inda ba mai ziyara. Garkar tawa ce, daga mahaifina na gada. Na fitar da ita daga dukiyata tun ina numfashi, a gaban liman da kawunku, don kada gobe wani ya ce an ci rabonsa saboda Alfari. Na san mangwaron da ubanku ya dasa suna ciki. Na yi kukansu na gama. Amma ku ji: ba a miƙa takardar garka sai Alfari ya taka cikin gidan nan da ƙafarsa. Ko sun zo da mota cike da sojoji, ku ce haka uwarku ta bari, kuma ba ta nan balle a sa ta canza.

Na huɗu. Injin ban ruwa da Alfari ya saya da guminsa na tsibiri, wanda Hamidu ya ce ba zai sha ruwansa ba, ku ciro shi kafin a ba da garkar. Nasa ne, shi da malamai su san yadda za a yi da shi. Gida da mangaza da kwalekwale biyu a raba yadda addini ya ce. Aisata, tun kina ƙarama kike zama kusa da ni a kasuwa. Ƴan'uwanki su bar miki rumfar cikin rabonki. Ki daina kiran yayanki maci amana a gaban ƴaƴansa. Kin faɗa sau ɗaya, ya ji, ya isa.

Na biyar. Hamidu, ranar sakin, kai za ka je Dosso, ba kawunka ba. Ka tsaya a ƙofar kason har ya fito. In ya zage ka, ka yi shiru. In ya ƙi shiga mota ɗaya da kai, ka bi shi a ta baya. Alfari, idan an karanta maka wannan: yayanka tsoron Allah ya kai shi, ba ƙiyayya ba, kuma tun ranar bai ci abinci ya ƙoshi ba. Ni na ga kwanonsa. Kada ka sake taɓa harkar giya, ko wane ne ya kira ka. In aka matsa maka, ƙetare kogi ya fi, danginmu na Malanbil za su ɓoye ka.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga hannun mai ƙarfi, ya sa ku ci a kwano ɗaya. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. In na rasu kafin ya fito, kada a aika masa da labarin cikin kaso. Hamidu ya gaya masa da bakinsa, ya kama hannunsa ya kai shi inda kuka sa ni. Ku uku nake so ku zo, tare.