Littafina Yana Cikin Buhun Liman

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Alƙalamin Fadama, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da kai da iyali da abokan aikinka. Sunana Hauwa'u, daga Argungu. Na haura shekara sittin, sana'ata turara shinkafa. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na biyo ta jarida, inda babu mai gadi.

Na farko, kai ka jawo ni. Bara ka yi makonni a rediyo kana ba da tarihin wata marubuciya 'yar ƙasar Foland da ta ci babbar kyautar adabi ta duniya. Ina bakin tukunya nake sauraronka, ko ɗaya bai wuce ni ba. Ka ce ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta, ta fara da aikin sauraron masu damuwa, sannan ta koma wani ƙauye kusa da iyaka ta riƙa rubuta labaran mutanen da babu wanda ya damu da su. Ka ce da yarensu ta rubuta, yaren da yawancin duniya ba ta ji, masu fassara ne suka ɗauki aikinta suka kai shi nesa. Daga nan ka sanar da gasarku, ka ce duk mai ƙagaggen labari da Hausa ya kawo, babba ko yaro, mai digiri ko maras shi.

Ni ma aikina ke nan, sauraro. Shekara talatin mata na zama gefen murhuna suna jiran shinkafarsu ta turaru, bakinsu kuma ba ya hutawa. Daga abin da na ji na ƙago labarin Inna Tumba, mai bandar kifi, wadda kogin Rima ya cinye unguwarsu a damina ɗaya amma ta ƙi tashi daga kan tudunta. Shekara bakwai na yi ina rubutawa, ya cika littafin makaranta huɗu. Da ajami na rubuta, domin shi mahaifina ya koya mini a zaurensa a garinku Birnin Kebbi. Na iya boko, ga shi ma da shi nake maka wannan, amma ina tafiya cikinsa ne kamar mai takalmin aro.

Na biyu, abin da ya faru a ofishinka na Nassarawa. Na shiga mota daga Argungu, na hau keke daga tasha, na miƙa wa sakatarenka littattafan. Yana buɗewa ya zabura ya rufe, ya ce, "Hajiya, wanga ai sai da alwala." Na ce masa labari ne, kifi ne a ciki da gulma da faɗan maƙwabta. Ya gyaɗa kai irin na yaron kirki da bai ji abin da aka faɗa ba, ya karɓa da hannu biyu ya ɗora can saman kabad. Na koma gida ina murna, a zatona ladabi ne.

Aka fitar da sakamako. Ban sa rai dole sai na ci ba, amma ko a jerin waɗanda suka shiga babu sunana. Da na koma ofishin, sakataren ya ce, "Lokacin da munka tashi sake ofis, duk takardun da ad da rubutun Larabci mun tara su buhu guda, mun kai ma liman, kar a taka su." Yana faɗa yana jiran in sa masa albarka.

Ka san abin da ake yi da irin wannan buhu, kowa a garin nan ya sani. Ana tara yagaggun shafukan Alƙur'ani da tsofaffin takardun addu'a, ranar sharar masallaci kafin azumi a ƙone su a binne tokar a wuri mai tsarki. Al'ada ce mai kyau, ni ma ina kai nawa. Amma Inna Tumba ba aya ba ce. Mace ce mai baki, akwai shafin da ta zagi mijinta tas a gaban kwalekwale, ga ta yau a ɗaure cikin buhu ɗaya da Yasin.

Na je wurin liman. Dattijo ne mai mutunci, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce buhun amana ce daga kwamitinku, a ɗinke aka kawo masa, ba zai farke ba sai wanda ya aiko ya yi magana. Ya yi mini alkawarin jira zuwa Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban, bayan nan ba zai bar wa gara takardu masu sunan Allah ba. Ban ga laifinsa ba. Kwafi ɗaya ne, ranka ya daɗe, kuma idona na yau ba shi ne na shekara bakwai da suka wuce ba. In ya ƙone, ya tafi ke nan.

Na uku, tambaya. Waɗanda suka ba waccan baiwar Allah kyauta ba 'yan ƙasarta ba ne. Ba su ce tunda ba yarenmu ba ne a ɗora saman kabad ba, sai da aka karanta aka auna. Ni ko fassara ba na bukata. Hausa ce, taka da tawa, kuma a unguwar da ofishinka yake da wuya ka wuce zaure uku ba ka sami mai karanta ajami kamar ruwa ba. Yaya aka yi ka san ƙauyen da wata ta zauna a Foland, amma kwamitinka bai gane rubutun kakanninsa ba? Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Bukatata ba ta da yawa. Ka kira liman kafin wannan Juma'ar ka ce ya farke buhun a gabana. Ka sa a gasa ta gaba a faɗa a fili ko ana karɓar ajami, in ana karɓa a sa mai karanta shi cikin alƙalai. Kada kuma a hukunta sakataren, abin da aka tarbiyyantar da shi ya yi.

Sannan ka sa a karanta labarin. In ba shi da kyau ku kayar da ni, zan karɓa, ko da yake na san abin da na rubuta. Girmamawa dai ta ishe ni haka, kun girmama littafina har ya kusa zama toka. Yanzu karatu nake nema.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya nuna mana azumi da rai.

Wassalam.

Hauwa'u mai turara shinkafa,
Argungu.