Wutar da Ba Ta da Garwashi

Samaru, Zariya
Afrilu, 1975

Yaya Zulaihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da ɗiya. Albishirinki, aikin nan da na dame ki da zancensa ya tashi. Duk hutun nan a gida Damari na yi shi. Abokaina babura suka saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, ni kuwa siminti da bututu. Mun gina rami bayan turken shanu. Ana dama kashinsu da ruwa a zuba ciki ya ruɓe, iskar gas da ke fita ta bi bututu har madafa. Ashana ɗaya, sai wuta shuɗiya, ba hayaƙi ko kaɗan. Abin da ya rage a ramin kuma taki ne.

Kin san tarin da ke wahal da uwarmu Dada, hayaƙin itace ne ba wani abu ba. Don haka na kwashe duwatsun murhu, na kuma roƙe ta kada garwashi ya sake shiga gidan, domin gas ba ya wasa da wuta. Ta ce to. Ki leƙa ta in kin samu mota.

Ƙanenki,
Maharazu

Yankara
Yuni, 1975

Maharazu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je Damari a bayan akori-kura, har yau ƙuguna bai koma daidai ba. Na ga wutar taka. Ba zan yi maka ƙarya ba, tana dafa tuwo, gindin tukunya fes, tarin ma ya yi sauƙi.

Amma kai malamin boko, ka manta gidan da ka tashi ne? Duk unguwa an san murhun Dada ba ya mutuwa. Gari na wayewa mata ke shigowa da kasko ɗibar wuta, kuma wace ce ta taɓa ɗiba ta juya nan take? Inna Indo, Bamagujiyar nan ƙawarta, sai ta kai hantsi tana zuba, garwashin ya mutu a kasko a sake mata wani. A nan Dada ke jin wa ta haihu, wa ke ciwo, wa ya sayar da sa. Mace ba ta faɗa wa gidan mutane da sassafe hannu rabbana, sai da dalili, kaskon nan kuwa shi ne dalilin.

Wutarka ba ta da garwashi. To, me za su zo ɗiba? Wuni na yi ban ji sallamar kowa ba. Ta gama tuwo tun rana na sama, ta zauna tana kallon ƙofa. Wallahi raina ya ɓaci. Ka bari a mai da mata duwatsunta, ko can gindin tsamiya ne.

Yayarka,
Zulaihatu

Samaru
Yuli, 1975

Yaya,

Na ga takardarki, na gode da ɗawainiya. Na yi murna da jin tarin ya lafa, ai shi ne babba. Sauran kuwa sabo ne, za a saba. Mai son Dada ya zo ya gaishe ta, ba sai da kasko ba.

Ki ƙara haƙuri. Bayan damina manya daga ma'aikata za su je su duba, in sun gamsu za a yi irinsa a garken mutane da dama har Ƙanƙara. In suka tarar da murhun itace na ci a gidan da nake nuna masu, da wane baki zan yi magana? Suna tafiya zan gina mata ƙarami nesa da ramin, da hannuna. Ki gaishe da maigida.

Maharazu

Damari
Satumba, 1975

Maharazu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Dada rasuwa ranar Talata, bayan gajeren zazzaɓi. An kai ta. Sai ka taho, ana ta zaman gaisuwa.

Ba don in ɗora maka laifi na rubuta wannan ba, ni ma ina da hannuwa, ban mai da duwatsun ba. Inna Indo ce ta riƙe ni tana kuka, ta ce tun shigar damina Dada ke zuwa gidanta kullum safe da kasko, wai a sam mata wuta. Ta zauna har hantsi, ta ɗiba, ta tafi. Indo ta san ba ta da murhu, ba ta taɓa tambayarta ba. In Dada ta iso ƙofar gida sai ta yayyafa wa garwashin ruwa ta juye a gefe, don ka ce kada ya shiga.

Tulin gawayin na nan bakin ƙofa, ban samu ƙarfin share shi ba.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Zulaihatu