Abin da Littafin Kawu Bitrus Ya Kawo Masa

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigida da yara? Mu nan Mubi lafiya lau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi.

Kin san na yi niyyar barin koyarwa in koma rubutu. Ranar Asabar na hau mashin zuwa Duvu neman shawarar Kawu Bitrus, tunda har yanzu ana karanta littafinsa a makarantu. Na same shi a gonar gyaɗa, takalminsa ɗaure da waya. Na tambaye shi nawa littafin ya kawo masa.

Ya ce, "Kwafi goma masu bugawa suka ba ni, da kuɗin da bai kai na buhun taki biyu ba. Yanzu kowa fotokwafi yake yi."

Yaya, sai da na nemi wuri na zauna. Shekara da shekaru muna ce masa marowaci, ashe babu ce.

Na ce to mece ce ribarsa? Ya ce wata mata ta taso takanas daga Belel ta gaya masa da littafinsa ta koyi karatu. Sannan ya ce, "Ki rubuta, 'yata, amma kada ki saki alli."

Har yau ban miƙa takardar ajiye aikin ba. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Saratu