Kunnena na Dama da Kaskin Yamai

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban ɗakin karatu da sauraren rediyo na matasa, Dogon Dutsi, da kuma duk wanda zai tsaya ya karanta a allon bakin ƙofa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da Madamu da yara. Yaya gajiyar aiki, yaya kaka? Sunana Hadizatu, ɗiyar Malam Ango maɗinki. Ni ce doguwar yarinyar nan mai zama benci na ƙarshe kusa da kabad ɗin littattafai ranar Alhamis.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innata: kunnena na hagu ba ya ji. Tun shekarar da na yi sanƙarau ina ƙarama a wurin kakata a Matankari ya mutu. Na daɗe ina zaton kowa haka yake, kunne guda na ji ne, guda na ado. Sai wata rana na kwanta a kan ɓarin dama da rana tsaka, ana daka a tsakar gida, na ji gari ya yi tsit kamar an rufe shi da faifai. Na tashi na ga taɓare na sama da ƙasa. A nan na gane.

In aka kira ni ta hagu ban amsa ba, sai a ce Hadiza ta tafi mafarkinta. Na bar su a haka, domin sunan ya fi mini daɗi a kan kurma. Kuma ina tsoron Gwaggona. Da ta ji, cewa za ta yi Doguwa, iskar nan ta bori, ce ta mare ni, kafin ka ce mi an kira masu goge tsakar gidanmu, unguwa duk ta sani. Littattafan soyayyar da nake aro wurin matar likita ma ba su taimake ni ba. A cikinsu kullum saurayi yana sunkuyowa ya raɗa wa budurwa magana a kunne, amma marubucin bai taɓa faɗin wane kunne ba. Sai in aje littafin in yi ta tunani.

Ba don ɓacin rai na rubuto ba. Tunda aka samu mulkin kai aka buɗe mana ɗakin nan, ba ni da ranar da nake so kamar Alhamis. Babu lakkwal, ba a zuwa makaranta ranar, in gama ɗaukar ruwa da wuri, in yi wanka, in zo in zauna cikin sanyin ginin, ga ƙamshin takardu. Kai ne ka je gida gida ka roƙi iyayenmu su bar 'yan mata su zo. Ban manta ba. Kukana ƙarami ne, amma wurin zamana ya rataya a kansa, shi ya sa zan jera shi.

Na farko. Da can, domin kada rediyo ta dami masu karatu, kowace yarinya ana ba ta ƙaramin abin saurare mai igiya guda, wanda muke kira gujiya saboda kamarsa. Mai araha ne, na sani, wani ma sai an ɗaure igiyarsa da zare. Amma kowa ita ke zaɓen kunnen da za ta sa shi. Ni dama nake sawa, ba wanda ya taɓa lura, kuma ka shaida a lokacin in ka tambaye mu abin da muka ji a labarin Alhamis ban taɓa yin shiru ba, ko da muryata ba ta fita sosai. Bayan Sallar Layya ka dawo daga Yamai da manyan nan masu ƙoƙo biyu da ƙarfe a bisa kai, waɗanda kake kira kaski. Ka tattara gujiyoyin ka kulle a kabad, ka ce zamaninsu ya wuce. Da yake kaskin masu tsada ne, kaɗan aka samu, sai ka haɗa mu biyu biyu, a juya ƙoƙunan waje, a haɗa kai, kowa ta ɗauki ƙoƙo guda. Ka rubuta sunayenmu da alli a kan benci. Marta, ɗiyar malamin coci, ta samu hagu, ni dama, kaskin a tsakaninmu. Kunnena na hagu ne ya faɗa kan ƙoƙon. Tun ranar nan, ranka ya daɗe, ɗumin soson ƙoƙon kawai nake ji a kunne, da motsin kumatun Marta in ta yi dariya. In ta yi, nima sai in yi.

Za ka ce mi ya hana ni canza wuri. Na gwada. Na ce wa Marta mu yi musanya, sai ta dube ni ta dubi taga ta ce, "Don mi? Ko akwai wanda kike son hangowa?" Benci duk ya kwashe da dariya, aka yi ta jera mini sunayen samarin da ke wucewa zuwa gidan waya. Ban sake tayar da maganar ba. Ba laifinta ba ne, ƙawata ce, kuma a hanyar gida takan ba ni labarin duka ba tare da ta san dalilin da nake tambaya ba, ko da yake tana ƙara nata, takan aurar da mutanen da mai labari bai aurar ba. Sai dai tambayarka a ɗaki take zuwa, kafin hanyar gida.

Na biyu, kuma nan ina son in yi maka adalci. Samarin benci na gaba suna ta gardama, wasu na cewa kaski da gujiya duk ɗaya ne, an yi ɓarnar kuɗi kawai don a burge baƙi. Ba gaskiya ba ne. Ranar da Marta ta tafi Kore Mairuwa sunan ɗan yayarta, na sa kaskin ni kaɗai, dukansa. Wallahi ban san rediyo na ɗauke da abubuwa haka ba. Na ji saukar izgar mai goge a kan tsirkiya kafin sautin ya tashi. Na ji mawaƙiya ta ja numfashi. Mai ba da labari ya haɗiye yawu a daidai wurin da yarinyar cikin labarin ke jiran amsa, har wata mace ta yi tari can bayansa. A gujiya duk wannan babu, mutum kamar daga cikin rijiya yake magana, in pil, wato batir, ta yi sanyi kuma sai ka ce ƙuda a gwangwani. Ranar na koma gida ina taka ƙasa a hankali kamar na ɗauko ruwa cike da tulu. Mai tsadan ya fi, ba ka yi kuskure ba. Ƙarfen ya danne mini kitso, sai da na cire kallabi a gaban mutane, amma ban damu ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, muryar cikin rijiya da nake ji ta fi mini amfani a kan mai daɗin da aka ɗora a kunnen da ba ya aiki.

Na uku shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Alhamis da ta wuce ka tambaye ni yadda labarin ya ƙare. Da yake ban ji shi ba, sai na ari ƙarshen wani littafi na ce sun gudu tare a jirgin ruwa. Ashe labarin manomi ne da rumbunsa. Ka ce a gaban kowa littattafan soyayya sun cinye mini kai, ka ce akwai yara a waje suna jiran wuri, duk wadda ba ta maida hankali ba za a goge sunanta a ƙarshen wata. Ban ji haushin dariyar ba, nima da na tuna sai in yi. Goge sunan ne ba zan iya ɗauka ba.

Don haka ina roƙo. A buɗe kabad a fito da gujiyoyin ga wadda ke so, kaskin kuma a riƙa zagayawa da shi, mutum guda ya sa dukansa, domin ai haka aka yi shi, rabin ƙoƙo ba ya ba da abin da na ji ranar nan. Kada a goge sunana sai an gwada ni da kunnen dama. A tambayi ƙananan yara a keɓe, ba a gaban benci ba, domin ba ni kaɗai na yi sanƙarau a Arewa ba. Ga 'yan uwana kuma masu karanta allo: don Allah kada ku fara yi mini ihu. Ina ji sarai. Ku tsaya ta damana kawai.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya zuri'a, ya sa ɗakin nan ya daɗe bayanmu, ya ba ƙasarmu damina mai albarka.

Na so in turo takardar nan ta ƙarƙashin ƙofa ba suna, amma takarda marar suna ba za ta riƙe mini benci ba. Yau da la'asar, in muna sussukar gero, zan faɗa wa Inna da bakina, kada ta ji a bakin rijiya. Alhamis kuma zan zo da wuri in miƙa maka hannu da hannu. In na miƙo, ka karɓa kawai.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadizatu, ɗiyar Malam Ango maɗinki.