Madallar Tabita

Rabaran, barka da aiki. Ka taimake ni, don a garin nan ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce tsufa ne ya ruɗe ni ba.

Ni mutumin ƙasar Zuru ne, aikin koyarwa ya kawo ni gabashin Sakkwato tun ina saurayi. Na koyar a Maikujera, na yi hedimasta a Rimawa, da na aje aiki na zauna Goronyo. Mu Kirista ba mu da yawa a nan: 'yan kasuwa, ma'aikata, masu ƙwadagon albasa, matan 'yan sanda. Fastocin da ake turo mana galibi ba su jin Hausa, shi ya sa shekara da shekaru ni ne tafinta. Fasto ya faɗa da Turanci, in juya. Ba yabon kai ba, na yi makaranta a zamanin da ake karatu na gaske, kuma sau da yawa abin da ke fita bakina ya fi wanda ya shiga kunnena tsari. Ga shi yau ilimin bai tsinana mini komai ba.

Matata Tabita ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Bara waccan tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa a rumfa ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti a Sakkwato anka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Munka dawo da ita ba ƙafa, ba hannu, ba magana. Kalma ɗaya tak ta rage mata: madalla.

Ƙishirwa ta kama ta, madalla. Gyambon kwanciya na cinta, madalla. Ta ɓata shimfiɗa tana kuka don kunya, madalla. A hankali na koyi rarrabe su. Wadda ta ja ƙarshenta, ruwa take so. Gajeruwar, a juya ta. Wadda take jerawa da sauri tana cije leɓe, zafi ne ya kai maƙura.

Duk da haka kowace Lahadi nakan tura ta a keken marasa lafiya har coci wurin sujada. Rannan sabon fastonmu, yaro ne, yana wa'azi, ni ina gefensa ina juyawa, sai Tabita ta fara jera madalla. Ya nuna ta da hannu, ya ce a dubi Mama, Allah ya karɓe mata komai ya bar mata yabo domin ta zama darasi gare mu. Masu jin Turanci sunka ɗauki tafi. Faston ya juyo yana jiran in faɗa da Hausa. Ni kuwa na san wace madalla ce. Na aje lasifika, na tura matata munka fita, ban sake komawa ba.

Rabaran, mi Tabita ta yi? Matar da ba a taɓa haihuwa ko mutuwa a unguwarmu ba ta kai ƙwaryarta ba. In Allah Uba ne mai ƙauna, wane uba ne zai karya ɗiyarsa don sauran 'ya'ya su koyi godiya? Na riƙe bulala a makaranta, amma ban taɓa dukan yaron da bai yi laifi ba don aji ya natsu. Ashe ni na fi shi tausayi? Dattawan ikilisiya sun zo, wannan ya ce gwaji ne, wancan ya ce mu binciki kanmu. Habi, matar maƙwabcina Lawwali, Musulma ce, kullum takan shigo ta yi wa Tabita wanka, ba ta taɓa yi mini bayanin nufin Allah ba. Ta fi su hankali.

Na riga na yanke: bakina ba zai sake juya wa'azi ba, kuma ba zan sake kai matata a yi nuni da ita ba. Sai dai tun da na daina, duk safiyar Lahadi takan miƙa hannun hagu ta jawo zanenta na zumunta daga igiya, ta ƙura wa ƙofa ido tana madalla, ta ƙi kunu, wani lokaci har Litinin. Tana ramewa ina kallo. Kada ka ce mini sai haƙuri, na ji wanda zai cika rumbu. Ka faɗa mini don mi Allah ya bar wannan, in ka sani, kuma yaya zan yi ta ci abinci ba tare da na koma can ba.

Tsohon Tafinta, Goronyo

*

Malam Tafinta, ɗan'uwana cikin Ubangiji, sannu da jinya, sannu ƙwarai.

Ban san dalilin da ya sa Tabita ta faɗi ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani ya wuce iyakarsa. Abokan Ayuba sun zo da dalilai masu tsari, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa, ba mai kukan ba. Saboda haka tambayarka ba saɓo ba ce. Abin da na tsaya a kai shi ne wannan: duniyar nan a gurɓace take, jiki yana lalacewa, nagari da mugu duk suna kwantawa. Allahn da muke bi bai tsaya gefe da bulala ba. Ya shigo jiki irin namu, ya yi kuka a kabarin abokinsa, a kan gicciye ya ji ƙishirwa, ya ɗaga murya da tambaya irin taka. Wannan bai warware kome da kome ba, amma ya isa ya nuna cewa a ranar nan yana tare da mai cije leɓe, ba tare da masu tafi ba.

Faston ya yi kuskure, ka kuma yi daidai da ka ƙi juyawa. Amma ka auna: baƙo ne, ya ji kalma ya ɗauke ta yadda kowa zai ɗauka. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan zai iya gyara masa, shi ne ya fita. Ka same shi a keɓe ka koya masa madallar nan guda uku, ka gaya masa kada ya sake nuna ta.

Yanzu ga mai nauyin. Kowace madalla ka fassara ta da aminci, ban da ta safiyar Lahadi. Kai ma ka san abin da take nufi. Fushinka da Allah naka ne, ka yi ta yi da shi, yana iya ɗauka. Amma Tabita tana da nata tsakaninta da shi, kada ka shigar da ita yajin da ba ta shiga ba. Ka riƙe hannunta na hagu ka tambaye ta: in tana son zuwa ta matse. In ta matse, ka kai ta. Ku zauna baya kusa da ƙofa, kada ka taɓa lasifika sai ranar da zuciyarka ta yarda, ko da ranar ba ta zo ba.

Ka roƙi matan zumunta su riƙa zuwa gida su yi mata waƙoƙinta. Wasu masu irin ciwonta bakinsu kan bi waƙa ko da magana ta ƙi. Ban yi maka alkawari ba, amma a gwada. Su kuma karɓe ku jinya kai da Habi, ka samu ka huta. Ramar da gyambon kuwa, kada a jira, a nuna wa likita.

Lahadin nan ka ɗaura mata zanen, ka ba ta kunun kafin ku fita. In an ɗauki waƙa ta ce madalla, kai kaɗai za ka san wacce ce. Allah ya ba ta sauƙi, ya riƙe ka.

Rabaran